Rasuwar Heneli Ƙarami, Matuƙin Jirgin Hunga

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har baki, da kafaɗa ɗaya mai ciwo, Kelepi Taufa na tsibirin Hunga, a madadin yayarsa Lesieli da sauran iyali na gida da na birnin Okland can ƙasar waje, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar matuƙin jirginsa, Heneli Ƙarami. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da ta wuce, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a bakin mashigar jirage ta Hunga, yana kan aiki, bayan jinyar wata biyar. Shekara shida ya yi tare da mu. Shekarun da ya yi a duniya kafin nan ba wanda ya sani, domin na hannu aka sayo shi.

Ga waɗanda Allah bai sa sun gana da shi ba, marigayin inji ne mai tuƙa jirgin ruwa da kansa. Ba shi da cikar jiki. Wani baƙin zobe ne mai faɗin faifai da ake ɗaurawa a jikin sitiyari, da bel mai haƙora a cikinsa, da ɗan inji kamar tocila a gefe, sai akwatin maɓallai, sai kamfas ɗinsa mai nuna gabas da yamma, da ake ɓoyewa a ƙarƙashin benci. A nuna masa inda za a nufa, a danna maɓalli, a sauke ɗan hannun da ke haɗa shi da sitiyari, shi ke nan ya karɓi aiki. Ba ya tambayar dalili.

Zuwansa cikinmu ya biyo bayan wani hatsari. Kelepi ya shekara ashirin yana kai mutanen Hunga da kayansu garin Neiafu da ke babban tsibiri kowace Alhamis a cikin Lupe, jirginsa mai tafiya da iska, ya dawo da su da yamma da sukari da fulawa da kananzir. Yana da shekara sittin da ɗaya ya hau bishiyar kwakwa, abin da ba wanda ya sa shi, ya sauko ta hanyar da ba ita ya bi ya hau ba. Kafaɗarsa ta dama ta warke, amma ba ta ƙara jure riƙon sitiyari fiye da rabin awa ba. Yaya Lesieli ta aika aka kira shi. Ya zauna a bakin ƙofa, nesa da tabarmarta, kansa a ƙasa, kamar yadda duk ɗan mutunci ke yi gaban yayarsa.

"Ba za ka sake fita teku kai kaɗai ba," in ji ta. "Sai da matuƙi na biyu."

"To, Yaya."

Iyakar amsar da ke akwai ke nan. Ƙane ba ya musu da yayarsa, ba ya zama kusa da ita, ba ya ko cin abinci a gabanta. Matuƙi na biyu kuwa babu shi a Hunga, domin duk mai ƙarfin hannu ya tafi ƙasar waje tsinkar 'ya'yan itace. Wata uku Lupe yana ɗaure a anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, gansakuka na cin gindinsa. Kelepi ya koma zaman gindin mangwaro yana kallonsa, ya rame har wandonsa na neman igiya.

Ɗansa Saimone, wanda ke gyaran firji a Okland, shi ya aiko da marigayin a cikin kwalin ayaba, an naɗe shi da tsoffin tawul. Littafin bayaninsa da Jamusanci aka rubuta shi. Kelepi ya karanta hotunan.

Kwana uku aka yi ana ɗaura shi, waya na maƙale tsakanin kunnen Kelepi da kafaɗarsa mai lafiya, Saimone na ba da umarni daga nesa. Aka ciro sitiyari, aka ɗaura zoben a sandunansa, aka huda rami, aka gane ba nan ba ne, aka toshe, aka huda wani. Da aka gama sai ga kusoshi huɗu sun ragu, da wani ƙarfe mai kama da cokali.

"Baba, ba abin da ya kamata ya ragu," in ji Saimone.

"Turawa ne suka sa ƙari saboda ɓacin rana."

"Baba, cokalin nan ina ya kamata ya shiga?"

"Layin ba kyau," in ji Kelepi, ya kashe wayar.

Ranar gwaji ta faɗo daidai lokacin da mawaƙan coci suka tashi daga koyon waƙa, don haka rabin gari na bakin ruwa. Kelepi ya ɗaga ƙyallen jirgi mai kama iska, ya nuna wa marigayin mashiga, ya danna maɓalli, ya naɗe hannuwa a ƙirji don kowa ya gani. A nan aka fara jin muryar da za mu saba da ita: ƙiii, ƙuuu. Jirgin ya ɗan kauce dama, marigayin ya ƙara masa dama. Ya ƙara kaucewa, ya ƙara masa. Cikin natsuwa da ladabi Lupe ya juyo gaba ɗaya ya soke hancinsa cikin itatuwan bakin ruwa, inda ya zauna har ruwan teku ya ƙaru ya ɗaga shi. Daga baya aka gano an juya wayoyi biyu, ja a mazaunin baƙa. Iyali na so a sani cewa laifin ba na marigayin ba ne.

Washegari Saimone ya ce dole a zagaya da jirgin a hankali, sau biyu, domin kamfas ya san gabas da yamma. Kelepi ya yi sau biyu bai ga alamar komai ba, ya ƙara biyu, ya ƙara huɗu. Matan da ke dukan ɓawon itace na yin zane a bakin ruwa suka ajiye sandunansu suna kallon dattijo yana kewaye kansa a tsakiyar ruwa ba dalili. Wata ta ce faɗuwar nan daga kwakwa ba kafaɗa kaɗai ta taɓa ba. Fasto ya fito ya cire hula ya fara addu'a. Aka aika wa Yaya Lesieli.

Ta zo da tabarmarta da lemarta, ta sa aka ɗora ta a jirgin, ta zauna can gaba gindin sandar ƙyalle, iyakar nisan da jirgi mai tsawon taku goma sha biyu zai iya bai wa ya da ƙane.

"Ina matuƙin da ake faɗa?"

"Ga shi, Yaya."

Suka fita. Ta zuba wa sitiyarin ido yana motsi shi kaɗai. Ƙiii, ya ɗan juya dama. Ƙuuu, ya ɗan juya hagu. Ta daɗe tana kallo.

"Yana gunaguni," in ji ta, "yana kaɗa kai nan da can, bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma aikin na tafiya. Wannan ai Heneli ne."

Heneli shi ne mijinta, wanda ya riga mu gidan gaskiya shekara tara kafin nan. Tunda ita ke raɗa wa duk 'ya'yan gidan suna, nan take sunan ya zauna. Ta yarda marigayin ya cika matuƙi na biyu, da sharaɗi ɗaya: ita ma za ta riƙa bin jirgin kowace Alhamis, domin ta san Heneli, ba a barinsa ba mai sa ido.

Halayen marigayin ba ɓoyayyu ba ne. Bai taɓa zama majalisar shan kava ba, jiƙon saiwar nan da maza ke raba dare a kansa. Bai taɓa amai a teku ba. Ruwan sama ko rana, abin da yake nema kawai batir ya cika. Ya bai wa Kelepi damar gyara ƙyalle, da jefa ƙugiya, da shan shayi da hannu biyu, da gyangyaɗin da har yau yake musun ya taɓa yi. Ba za mu ɓoye rauninsa ba, tunda ba wanda ya cika goma: ba ya duban gabansa. In an nuna masa hanya, ko tsibiri ne ya gitta, niyyarsa ya ratsa ta cikinsa. Jirgin kamun kifi, ko waɗannan manyan kifayen da ke zuwa haihuwa lokacin sanyi, duk ɗaya ne a wurinsa. Yaya Lesieli ta ce mai sunan ma haka yake.

Amma babban aikinsa ba ya cikin littafin Jamusawa. A tafiya ta uku, ana tsakiyar teku, Yaya Lesieli ta ɗaga murya daga gaba ba tare da ta waiwayo ba.

"Heneli, gaya wa mai jirgin nan rigarsa ta yage a hammata. Yana kunyata mu a gari."

Ƙiii, in ji marigayin.

Kelepi ya dubi akwatin maɓallai. A shekara sittin bai taɓa mayar mata da magana ba. Amma wannan ba da shi aka yi ba, da Heneli aka yi.

"Heneli," in ji shi a hankali, "ka shaida wa Yaya ta nan iska ke shiga."

Ƙuuu.

Fasinjoji uku da ke cikin jirgin suka daina numfashi. Sai aka ga kafaɗun Yaya Lesieli na girgiza a bayan lema.

Daga ranar hanya ta buɗe. Ta bakin Heneli aka yi musu kan iyakar gonar doya, aka sasanta. Ta bakinsa Kelepi ya faɗi cewa miyar kwakwarta gishiri na mata yawa, abin da ya haɗiye tun yana saurayi. Ta bakinsa ita kuma ta ce muryarsa a coci kamar ana jan tebur. Shekarar da matar Kelepi, Seini, ta rasu, ya yi wata biyu ba ya cewa komai a jirgi. Wata Alhamis Yaya Lesieli ta ce, "Heneli, ka gaya masa ni ma na shekara ina dafa abincin mutum biyu. Ka ce masa ba hauka ba ne, yana wucewa." Marigayin ya yi ƙiii, ya yi ƙuuu, ya riƙe jirgin shi kaɗai har Neiafu, domin mai jirgin ba ya ganin gabansa a ranar. Duk abin da aka faɗa masa a shekara shida, ba a taɓa jin kalma ɗaya a gari ba.

Iyali na amfani da wannan dama su wanke shi daga zargi ɗaya. Kowa ya tuna bikin jikar Yaya Lesieli, lokacin da Lupe ya taso daga Neiafu da rana tsaka bai iso ba sai da rana ta kusa faɗuwa, amarya na jiran kayan abinci. A ranar Kelepi ya nuna masa Hunga, ya jingina da buhun fulawa yana hutar da idanunsa, Yaya Lesieli na saƙa. Da ya buɗe ido tsibirai duka suna bayansa, jirgin ya miƙe sambal ya nufi ƙasar Fiji. Kelepi ya kira marigayin da sunayen da ba za a maimaita a nan ba. Sai bayan kwana biyu aka gano cewa katan uku na naman gwangwani aka cusa ƙarƙashin benci, jikin kamfas, ƙarfen gwangwanayen ya ruɗa shi. Wanda ya cusa su ba a bincika ba, domin an san ko wace ce. Kelepi ya nemi gafararsa tun yana da rai, ya kuma sake nema yanzu a bainar jama'a.

Ciwon ajali ya fara da tari. Muryarsa ta koma ƙirr, ƙirr, kamar mai kaki a maƙogwaro. Sai bel ya fara zubar da haƙora, ana tsintarsu a ƙasan sitiyari. Sai ɗan hannunsa ya riƙa ɗagewa da kansa, ya saki aiki ba sallama. Kelepi ya yanko robar tayar keke ya ɗaure hannun tam. Yaya Lesieli ta zo da man kwakwarta mai ƙamshin furanni, wanda take shafa wa jarirai da masu ciwon baya, ta ɗura masa rabin kwalba. Ya kwana biyu yana ƙamshi kamar ango, bel kuwa ya ƙara santsi. Saimone ya ce irinsa an daina ƙerawa, kayan gyaransa sai an dace. Ya ce a hutar da shi. Amma wa zai gaya wa Yaya cewa matuƙi na biyu ya kwanta, alhali kowa ya san abin da zai biyo baya? Kelepi bai gaya mata ba. Ita ma, da take jin tarin nan sarai, ba ta ce ta ji ba.

Ranar Alhamis suna dawowa su biyu, da buhun siminti shida na ginin coci da wata aladiya da aka saya wa Fasto, iska ta ƙaru. Igiyar ruwa na dukan jirgin ta baya, marigayin na fama, dama, hagu, dama, ba hutu. Mashigar Hunga kowa ya san ta: dutse nan, dutse can, tsakaninsu ɗan wurin da jirgi ɗaya zai bi in ya yi ladabi. Kelepi ya ga ƙyallen ya yi yawa, ya bar sitiyari a hannun marigayin ya tafi gaba ya rage. Yaya Lesieli ta tattara tabarmarta ta koma baya don ta ba shi wuri.

Yana cikin jan igiya ya ji tit, tit, tit, kukan da marigayin ke yi in hanya ta ɓace masa. Sai wata doguwar ƙara, ƙiiiii, wadda ba a taɓa ji ba. Sai ƙaurin waya. Sai shiru. Marigayin ya cika yana riƙe da sitiyari, ya karkatar da shi dama, robar keke ta ɗaure hannunsa ba ya sakuwa. Hancin Lupe ya nufi dutse. Igiyar ƙyalle ta naɗe a hannun Kelepi mai lafiya, in ya saki ƙyallen ya faɗa ruwa ya ja jirgin. Tsakaninsa da sitiyari taku takwas ne, da siminti, da aladiya.

"Heneli, ka gaya wa Yaya," ya fara, sai ya tuna ba mai kai saƙo. Ya dubi yayarsa ido cikin ido, karo na farko tun yana ɗan yaro. "Yaya, yanke robar nan. Ɗaga hannun. Juya hagu."

Ta zaro wuƙar saƙarta daga kwando, ta yanke robar, ta ɗaga hannun, ta kama sitiyari da hannu biyu.

"Hagu, Yaya."

"Na san hagu."

"Ƙara."

"Kelepi, kula da ƙyallenka."

Ba ta juya da ƙarfi yadda ya so ba. Ta jira igiyar ruwa ta ɗaga gindin jirgin, sannan ta ba shi hagu kaɗan, ta mayar, ta sake ba shi. Dutsen ya wuce ta dama kusa har Kelepi ya ga kaguwa a kansa. Aladiyar, wadda ke ihu tun daga Neiafu, ta yi tsit. Da ya ɗaure ƙyallen ya rarrafo baya, ya tarar ƙarfinta ya kusa ƙarewa, shekara saba'in da huɗu ba wasa ba. Ya kama gefe ɗaya na sitiyarin da hannun hagu, ita tana riƙe da ɗayan, kafaɗarsa na gugar tata. Haka suka shiga ruwan kwance na Hunga, ba wanda ya dubi wani.

Sai da aka jefa anga Kelepi ya taɓa ɗan injin, ya ji shi da zafi. Ya danna maɓalli. Ya sake dannawa.

"Heneli," in ji shi, "ka tambayi Yaya a ina ta koyi tuƙi."

Ba ƙiii, ba ƙuuu.

"Ya tafi, Kelepi," in ji ta. "In kana da tambaya ka yi mini. Baba ya koya mini a kwalekwalensa, kana goye. Da na kai shekara goma sha biyu aka ce ya isa, in koma saƙa." Ta goge wuƙar a zaninta. "Kuma ƙyallen nan tun a Neiafu ya kamata ka rage shi."

"Iskar ba ta kai haka ba a Neiafu, Yaya."

"Ta kai."

"Ba ta kai ba."

Mutanen da suka zo sauke siminti sun shaida cewa sun same su a haka.

Marigayin ya rasu ya bar mai jirgi ɗaya, da uwar ɗakinsa Yaya Lesieli, wadda wannan ne karo na biyu da take binne Heneli. Ya bar batir biyu, ɗaya na jinya. Ya bar farantin sola, da sitiyari mai ramuka bakwai waɗanda uku ne kawai suka taɓa amfani, da rediyon jirgi wanda suka yi zaman doya da manja saboda rabon wuta. Ya bar Saimone a Okland, wanda ya nemi a aika masa da gawar ya buɗe ya ga abin da ya ƙone. Yaya Lesieli ta ce ba a yanka ɗan gidanta.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, a bayan gidan Kelepi, tsakanin bishiyar lemun tsami da tankin ruwa. Fasto ya ce ba zai iya yi masa addu'ar mamaci ba, amma zai tsaya kusa, kuma in an rera waƙa ba zai hana ba. Masu zuwa su sa baƙin kaya su ɗaura tabarmar makoki a ƙugu, ƙarama ta isa. Za a ba da shayi da burodi. An roƙi masu ta'aziyya kada su tambayi ko za a sayo wani, domin an riga an cike gurbin.

Lupe zai tashi ranar Alhamis da ƙarfe bakwai kamar kullum. Ana sanar da fasinjoji cewa sabuwar matuƙiyar ba ta jiran wanda ya makara, ba ta yarda da taba a jirgi ba, kuma mai jirgin ya duba ko'ina, bai ga inda ake rage mata murya ba.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.